Rashanci da kalmomin Turanci: an bar jaki ana dukan taiki

Shekara shida na yi a Rasha ina karatu, a wani gari da ke bakin kogin Volga, kuma har yau in na ji ana Rashanci ko a bidiyo ne sai na tsaya na saurara, don yare ne da na sha wuya kafin na koya kuma na zo na ƙaunace shi sosai. Shi ya sa maganar nan da ake ta yi a can ta korar kalmomin Turanci daga yaren ta dame ni har na ga gara in zauna in rubuta abin da ke raina.

Ga waɗanda ba su bi labarin ba, a ƙarshen watan Fabrairun 2023 Putin ya sa hannu a gyaran da aka yi wa dokar harshen ƙasa ta 2005, gyaran ya ce in ana amfani da Rashanci a harkar gwamnati ba a yarda a sa kalmar waje ba, sai dai wadda ba ta da takwara a Rashanci kuma tana cikin ƙamus ɗin da hukuma ta amince da su. Sai kuma a 2025 aka ƙara wata dokar wadda aka sa 1 ga Maris 2026 a matsayin ranar da za ta fara aiki, ita kuma ta shafi allunan shaguna da bayanan da ake rubuta wa masu sayen kaya, dole su kasance da Rashanci, in kana so ka ƙara wani yaren a gefe to bismilla, amma sunan kamfani da aka yi wa rajista ba a taɓa shi ba. Kafin nan ma marigayi ɗan siyasa Zhirinovsky da jam'iyyarsa sun taɓa kai ƙudiri majalisar Duma cewa a riƙa cin tarar masu sa kalmomin waje, bai wuce ba a lokacin.

To ni dai ra'ayina, akwai yanki ɗaya na wannan doka da nake goyon baya ɗari bisa ɗari, zan zo kansa, amma tushen maganar wato cewa wai Turanci zai kashe Rashanci, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne akwai yarukan da ke mutuwa da gaske a cikin ƙasar nan ta Rasha kuma ba Turanci ne ke kashe su ba.

Bari in fara da abin da kunnena ya ji. Lokacin da na isa, shekarar farko ta koyon yare ce zalla, malamarmu mace ce dattijuwa mai tsanani, Rashancin littafi take koya mana mai tsafta, in ka karkata wasali ɗaya sai ta sa ka maimaita sau goma. Da na fara shiga cikin yaran ƙasar a hostel sai na ji kamar wani yare daban suke yi. Wannan ya ce krinj, wancan ya ce haip, a ce wane yana fleksit, wance ce krash ɗinsa, yau ba karatu chilit za mu yi, malami ya ba da dedlain. Da farko na yi murna na ce ashe abin zai zo min da sauƙi tunda ina jin Turanci, wallahi ashe ba haka ba ne, don kalmar da ka sani da Turanci in ta shiga bakin Barashe sai ta koma wata aba da ba za ka gane ta ba. Ɗauki kalmar danna alamar so a hoto, laik. Barashe ba zai bar ta haka tsirara ba, sai ya mai da ita aikatau irin nasu mai fuska biyu, laikat in abu ne da ake ta yi, laiknut in sau ɗaya aka danna aka gama, sannan a jera ta da ni da kai da mu da su, kowanne da irin wutsiyarsa. Neman abu a Google ya zama guglit, in ka nema ka gama zaguglit, in ɗan dubawa ka yi poguglit. Krinj ɗin nan da yara ke faɗa in abu ya ba su kunya a madadin wani, sun fitar da siffa daga jikinta krinjoviy, sun fitar da aikatau krinjovat. Kuma kowane suna da ya shigo dole ya bi ta cikin sauye-sauye shida da sunan Rashanci ke yi gwargwadon matsayinsa a jimla, dole a ba shi jinsi, namiji ne ko mace ko tsaka-tsaki. Baturen Ingila in ya ji ya zaguglil i laiknul ba abin da zai tsinta.

Akwai ma waɗanda suka fi ba ni sha'awa, na zamanin da kwamfuta ta fara shiga gidaje. Allon rubutu na kwamfuta suka ce masa klava, wanda sunan mace ne a wurinsu, Klava. Imel suka ce milo, ma'ana sabulu, don kawai sautin ya yi kama. Alamar nan ta @ da ke cikin adireshin imel kare suke ce mata, sobaka, har a rediyo in ana karanta adireshi haka ake faɗa. Windows ta zama Vinda, an mai da ita mace. Har sukan haɗa kalmomin Turanci su ƙera abin da su Turawan ba haka suke faɗa ba, kamar feis-kontrol, wato mai gadin ƙofar kulob ya kalli fuskarka ya ce ka shiga ko kar ka shiga.

Wannan ba alamar yaren da ke gargara ba ce, yare ne mai haƙora da ke taune abin da aka ba shi. Kuma mu Hausawa bai kamata abin ya zama baƙo a wurinmu ba, don wa zai ce motoci ba Hausa ba ce, ko direbobi, ko ofisoshi, ko asibitoci? Mun karɓi kalmar mun ɗora mata jam'inmu ta zama tamu. Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara, gaskiya ne a kan zane, amma kalma ba zane ba ce, ba a zuwa a ce dawo min da ita.

Abin da masu kukan ba sa son tunawa shi ne wannan ba shi ne karo na farko ba, ba ma na uku ba ne. Kalmar kuɗi a Rashanci, dengi, daga yarukan Turkawa ta zo tun zamanin da Tatar da Mongol ke mulkar su. Haka kwastan, tamojnya. Haka fensir, karandash. Haka doki, loshad. Ranar da na ji mai gidan da nake haya ta ce in taya ta jan sunduk na tsaya ina kallonta, akwatin katako ne babba na ajiye kaya, sanduƙi dai namu, kalma ɗaya ce ta Larabci ta bi ta Sahara ta zo mana, ta bi ta hannun Turkawa ta je musu, kuma tsohuwar nan in ka ce mata sunduk ba asalin Rashanci ba ce sai ta yi maka kallon mahaukaci.

Sai zamanin sarkinsu Pita Mai Girma, wanda ya tafi Holan da kansa a 1697 ya yi aikin kafinta a wurin ƙera jiragen ruwa a Zaandam, ya wuce Ingila a 1698, ya dawo da masu sana'a da kayan aiki da kuma kalmomi buhu-buhu. Matros wato ma'aikacin jirgin ruwa, gavan wato tashar jiragen ruwa, verf wato inda ake ƙera su, duk na mutanen Holan ne. Na Jamusawa kuma ba a magana, galstuk wato nakatayal, parikmaher wato mai aski, buterbrod wato burodi da aka ɗora wa wani abu a kai, wanda yau duk yaron Rasha da shi yake karyawa. Bayan nan Faransanci ya zo ya yi musu rufdugu wanda ya fi na Turancin yau nesa ba kusa ba, don a lokacin ba kalmomi kawai aka ara ba, manyan gari gaba ɗaya sun koma yin Faransanci a gidajensu, suna ɗauko malamai daga Faransa su raini 'ya'yansu, Rashanci ya zama na yi wa bara da manomi magana. Babban littafin Tolstoy na yaƙi da zaman lafiya da Faransanci ma ya buɗe, don haka mutanen da yake ba da labarinsu ke magana. Shahararren marubucinsu Pushkin kansa, wanda ranar haihuwarsa 6 ga Yuni ita ce ranar harshen Rashanci a yau, laƙabinsa a makaranta Bafaranshe ne saboda yadda ya iya yaren, kuma shi ne dai ake cewa uban Rashancin zamani. Af, kakan mahaifiyarsa Abram Gannibal ɗan Afirka ne, akwai masanan da ke cewa daga Logone-Birni yake ta wajen tafkin Chadi, wannan kullum in na tuna sai na ji wani iri a raina.

Ko a wancan zamanin an yi masu kuka irin na yau. Akwai wani babban hafsan sojan ruwa Shishkov da ya shugabanci cibiyar harshen Rashanci, ya yi ta faɗa da su marubuci Karamzin a kan kalmomin waje. Daga baya Vladimir Dal, mai babban ƙamus ɗin nan da ya fito tsakanin 1863 da 1866, ya kawo shawarar kalmomi na gida da za su maye na waje, ya ce maimakon atmosfera a ce mirokolitsa, maimakon gorizont a ce nebozyom. Ba wanda ke faɗarsu yau. Marubuci Solzhenitsyn ma ya fitar da nasa ƙamus a 1990 don ya farfaɗo da tsofaffin kalmomi, mutane suka girmama shi suka ci gaba da maganarsu yadda suka saba. Kuma ina ganin ƙimar mutanen nan fa, son yarensu ne ya sa su, Dal ya ƙarar da rayuwarsa yana bin ƙauyuka da barikoki yana tattara kalmomin talakawa, aikin da ya yi ba mai iya biyansa. Amma abin da ya rayu daga aikinsa shi ne abin da ya tattara daga bakin mutane, abin da ya ƙirƙira ya ce a faɗa kuwa ya mutu a takarda.

Kar kuma a ce na ce kalmar gida ba ta taɓa cin nasara, tana ci mana. Jirgin sama da farko aeroplan suke cewa, sai samolyot ta kore ta, ma'anarta mai tashi da kansa. Jirgi mai saukar ungulu vertolyot. Gola a ƙwallo da golkiper ne, yanzu vratar ta fi yawa, mai tsaron ƙofa. Firji holodilnik daga kalmar sanyi, na'urar share ƙura pilesos wato mai tsotsar ƙura. Karamzin ɗin nan da ake zargi da son Faransanci shi ya ƙera kalmar masana'antu, promishlennost, tana nan daram. To amma duba waɗanda suka ci ɗin, gajeru ne, suna da daɗin faɗa, kuma da yawansu sun kafu ne a lokacin da Rashawa ke ƙera abin da hannunsu, jirgin suna haɗa shi a masana'antarsu, injiniyan da ya zana shi Barashe ne, to me zai hana sunan ya zama nasu. Kwamfuta kuwa fa? A zamanin Sobiyet sunanta na hukuma EVM, taƙaitawar wata doguwar magana mai nufin injin lissafi na lantarki, amma da kwamfutocin waje suka cika ofisoshi da gidaje sai kowa ya koma kompyuter, yara ma suka gutsure ta suka ce komp. Daidai da abin da ya faru da na'ura mai ƙwaƙwalwa a wurinmu, a labaran rediyo za ka ji ta, amma je kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano ka ce a gyara maka na'ura mai ƙwaƙwalwa ka gani.

Kalma bayan kaya take bi, wannan shi ne abin da na gano. A 1957 da Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na farko duniya gaba ɗaya ta koyi cewa sputnik, ba wanda ya kafa wa Amurkawa doka, abin ne ya zo da sunansa. A shekarun 1990 kuma da Tarayyar Sobiyet ta rushe, abubuwan da shekara saba'in babu su a ƙasar suka shigo rana ɗaya, kasuwar hannun jari, bankunan 'yan kasuwa, talla, dillalai, to da wane suna za a kira su? Sai biznes da menejer da broker da diler da marketing suka cika gari. A 1992 gwamnati ta raba wa kowane ɗan ƙasa takardar mallakar kason kamfanonin gwamnati mai darajar rubul 10,000, sunanta na hukuma da Rashanci yake amma kowa vaucher yake cewa, kuma har yau in ka ambaci kalmar a gaban tsofaffi sai ka ga fuskarsu ta canza don da yawansu ba abin da suka samu. A watan Agustan 1998 suka koyi defolt, ranar da gwamnati ta kasa biyan bashinta kuɗin mutane suka narke. Killer wato ɗan kisan haya da reket wato tatsar kuɗi da barazana su ma a shekarun nan suka bazu. Saboda haka na fahimci dalilin da ya sa wani dattijon Barashe in ya ji kalmar Turanci ransa ke ɓaci, ba nahawu ne ke damunsa ba, kalmomin sun zo masa tare da yunwa da wulaƙanci, lokacin da injiniya ya koma sayar da safa a bakin tasha. Wannan ciwon gaskiya ne kuma ban raina shi ba. Amma ba kalmar ce ta cinye masa fanshonsa ba.

To yanzu inda na ce ina tare da dokar. Matar da na zauna a gidanta shekara biyu, tsohuwa ce da ta yi aikin masana'anta har ta yi ritaya, babushka nake ce mata ita kuma ta ce min sinok wato ɗana. Wata rana ta ƙwanƙwasa min ƙofa da takarda a hannu daga wani banki, ta ce sinok karanta min wannan kai da ka iya yaren Amurkawa, ni ban gane abin da suke so da ni ba. Takardar da haruffan Rashanci aka rubuta ta tsaf, amma keshbek ne a nan, overdraft a can, greis-period a ƙasa. Matar da aka haifa a ƙasar, ta yi mata bauta shekara arba'in, sai ta nemo baƙo daga Afirka ya fassara mata takardar da ta shafi kuɗinta. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai. A nan kam doka tana da hurumi, duk takardar da mutum zai sa wa hannu, ta banki ce, ta asibiti ce, ta magani ce, ta kotu ce, haƙƙinsa ne a rubuta masa da yaren da yake ji, kuma duk kamfanin da ya ɓuya a bayan kalmar da ya san tsohuwa ba za ta gane ba to cuta yake nufi. Haka kuma akwai wata ɗabi'a da ba na so, ta canza wa aiki suna don a rufe ƙarancin albashi, mai shara uborshitsa ce tun fil azal, yanzu sai ka ga talla ana neman menejer na klining, tsintsiyar dai ita ce, kuɗin ma shi ne. Da alluna a titi da aka rubuta sale da open da haruffan Turawa a unguwar da ba baƙo ko ɗaya, don kawai a nuna an waye. In an ce su rubuta da Rashanci ban ga laifi ba, Faransa ma ta yi irin wannan dokar tun 1994.

Amma daga kare tsohuwa a banki zuwa cewa yaren ƙasa na cikin haɗari saboda 'yar shekara sha biyar ta ce krinj, tazarar da nisa. Kalmomin yara ba sa daɗewa ma. A shekarun 1950 akwai samarin da ake kira stilyagi masu son kiɗan Amurka da matsattsen wando, takalmi shuzi suke ce masa. 'Yan shekarun 1970 budurwa gerla suke cewa, gashi hair, gida flet. Ina suke yau? Jikokinsu in sun ji dariya suke yi. Abin da ke da amfani ya zauna, kamar jinsi wato wandon jins, sauran iska ta kwashe. Tashar jirgin ƙasa a Rashanci vokzal ce, kuma asalinta sunan wani lambun shaƙatawa ne a Landan, Vauxhall, yau ba kalmar da ta fi ta ƙamshin Rasha, duk wanda ya taɓa kwana a jirgin ƙasa daga Mosko yana shan shayi a kofin gilashi mai mariƙin ƙarfe ya san abin da nake nufi.

Su kansu masu yin dokar ba su iya kauce wa abin ba, kuma ban faɗi haka don in muzanta su ba, ina nuna yadda abin ya fi ƙarfin kowa ne. Shugaban majalisa spiker ake ce masa a kowace jarida. Gyaran tsarin mulki na 2020 shi ya sa 'yan majalisar dattawa suka zama senator a hukumance. Dokar Maris 2022 da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 15 kan yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da soja, kowa har jami'an gwamnati dokar feik suke ce mata. Manhajar aika saƙo da gwamnati ke tallatawa tun 2025 sunanta Max. An toshe Facebook da Instagram tun 2022, McDonald's da ta buɗe a dandalin Pushkin a Janairun 1990 ta tafi an maye ta da Vkusno i tochka, amma yara ba su daina cewa vaib da krash ba, don wasannin kwamfuta da suke bugawa da harshen da ake rubuta manhaja da shi da bidiyon da suke kallo duk daga can suke zuwa. In ana son kalmomin fasaha su zama na Rashanci to a riƙe injiniyoyin da ke ƙera fasahar a gida, su za su raɗa mata suna.

Yanzu ga abin da ya sa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Rashanci yare ne da mutum sama da miliyan 200 ke yi, yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, da shi ake karatu tun daga firamare har digiri na uku, har da likitanci da lissafi da kimiyyar nukiliya, ni kaina da shi na rubuta jarrabawata ta ƙarshe. Yana da ƙarfin da tun 1963 malamansu ƙarƙashin masani Olderogge suka fitar da ƙamus na Hausa da Rashanci, Rediyo Mosko ta yi shekaru tana watsa shiri da Hausa. Irin wannan yaren ba haip da laik ne za su kayar da shi ba. Amma a cikin Rasha akwai yaruka sama da ɗari, Tatar, Bashkir, Chuvash, Mari, Udmurt, Komi, Buryat, Yakut da na tsaunukan Kaukasus, kuma da yawansu kullum raguwa suke. Ƙidayar 2002 ta nuna masu jin Udmurt sun haura 460,000, zuwa ta 2010 sun dawo wajen 324,000, cikin shekara takwas kacal. A 2002 aka yi dokar da ta tilasta wa yarukan hukuma na jamhuriyoyin ƙasar rubutu da haruffan Kirilik wato irin na Rashanci, bayan Tatarstan ta yanke shawarar komawa haruffan Latin. A 2017 aka daina tilasta koyon Tatar a makarantun Tatarstan, a 2018 doka ta mai da koyon yarukan gida ganin dama a duk ƙasar, alhali jarrabawar shiga jami'a da Rashanci ake yin ta, to wane uba ne zai ce ɗansa ya ɓata awanni a kan yaren da ba zai ba shi maki ba? Ba sai an hana ba, ganin damar kaɗai ta isa.

A ranar 10 ga Satumban 2019 wani dattijo masani ɗan ƙabilar Udmurt, Albert Razin, mai shekara 79, ya tsaya gaban majalisar jamhuriyarsu a Izhevsk riƙe da kwalaye, ɗaya ɗauke da baitin mawaƙin Dagestan Rasul Gamzatov mai cewa in yarensa zai ɓace gobe to shi a shirye yake ya mutu yau, sannan ya cinna wa kansa wuta, ya rasu a asibiti. Ba na goyon bayan abin da ya yi wa kansa, addinina ma ya hana, amma tun ranar da na karanta labarin ban ƙara iya sauraron mai cewa Rashanci na cikin haɗari kamar yadda nake yi a da ba. Duk hujjar da ɗan majalisa ke kawowa a kan Turanci, cewa yare shi ne ruhin al'umma, cewa yara na mance maganar kakanninsu, cewa babban yare na danne ƙarami, gaskiya ce tsantsa, sai dai wanda ya fi cancanta ya faɗe ta shi ne Ba'udmurte da Bamari da Bachuvashe, kuma yaren da ke danne nasu shi ne wanda ake yi wa dokar kariya. Mu ma Hausawa in za mu faɗa wa kanmu gaskiya muna kukan Turanci da Faransanci, na Najeriya ya ce likita na Nijar ya ce lokotoro, amma a Bauchi da Filato da kudancin Kaduna akwai ƙananan yarukan da Hausa ce ke shanye su.

Ina da aboki Batatare da muka yi aji ɗaya, ya taɓa kai ni ƙauyensu hutun bazara, tafiyar awa uku a mota. Kakarsa ta yi mana echpochmak, wani burodi mai kusurwa uku da nama da dankali a ciki, ta ga ina salla ta yi ta murna tana shafa min kai tana ce min ulim, ɗana da yarensu. Duk zaman da muka yi tana yi wa jikanta magana da Tatar yana ba ta amsa da Rashanci, yana jin abin da take cewa amma bakinsa ba ya iya mayarwa, ƙanwarsa kuwa 'yar shekara tara ko jin ma ba ta yi sosai, in kakar ta yi magana sai ta juya ta kalli uwarta a fassara mata. Da daddare tsohuwar ta ɗauko wani littafin addu'o'i na mahaifiyarta da aka rubuta Tatar da haruffan Larabci irin ajaminmu, ta ce duk gidan ba mai iya karanta shi, ita ma kanta haruffan ba ta san su sosai ba don a makaranta Kirilik aka koya musu. Ni na karanta mata shafi biyu, ina furta haruffan ban san ma'anar ba, ita tana jin ma'anar tana gyara min furuci tana share hawaye da bakin ɗankwalinta, jikokin suna zaune a gefe suna kallonmu.